Daɓe ma yana gumi

Wata Alhamis bayan la'asar, farkon Oktoba na 2024, wani Alhaji da na taɓa yi wa ginin katangar gida ya kira ni ya ce in same shi a sabon magazensa da ke unguwar masana'antu, can wajen Gamkale, a Yamai. Na tarar da shi tsaye bakin ƙofa, waya a hannu. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya miƙo mini hoton wani ɗakin ajiya da ya gani a Dubai, daɓe ruwan toka yana ta sheƙi, har ana hango fitilun rufi a cikinsa.

"Malam, irin wannan nake so. Kwana 10 na ba ka. Motocina sun taso daga Lome."

A lokacin, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, yawancin kayan ƴan kasuwarmu ta Lome suke biyowa, su ratso Burkina cikin ayari, kuma ba mai iya ce maka ga ranar da za su shigo Yamai. Shi ya sa kowane mai kaya yake magana kamar gobe da asuba motocin za su yi sallama.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na shiga ciki na tsuguna, na ciro makullin motata na karci daɓen. Makullin ya shige kamar cikin busasshen tuwo, farin gari ya tashi. Na shafa tafin hannu, ya fito fari fat. Na ari butar maigadi na ɗiɗɗiga ruwa nan da can. Wasu wurare daɓen ya shanye nan take, inda alikofta ta goge sosai kuwa (injin nan mai fukafukai da magina ke lailaye kankare da shi) ruwan ya tsaya cik. Sai na ce wa ɗan yayata, wanda shekara uku ke nan yana bina aiki, ya ɗauko leda da sikoc a bayan mota.

"Kawu, yau ma?"

"Yau ma."

Alhaji ya ɓata rai. "Leda kuma ta mece ce? Ni fenti na ce a shafa mini."

Masu kuɗi duka fenti suke ce masa. Mu a shantiye rezin muke cewa, kuma mu ma ba mu yi daidai ba, don abin da ake shafa wa daɓe kala-kala ne, halinsu ya sha bamban. Akwai mai kwanciya a sama kamar fata: akirilik mai arha wanda shekara ɗaya zuwa uku ya siɗe, da ifoksi mai kauri da sheƙi, irin wanda Alhaji ya gani, da foliyuretan wanda ya fi jure karce da hasken rana. Akwai kuma mai shigewa cikin jikin kankare ya ɓace, ba ka ganin komai a sama, shi ne silikat. Wanda ya kwanta a sama yana toshe wa daɓe numfashi. Wanda ya shige ciki yana barin sa ya yi numfashinsa. Duk rigimar da zan ba ku labari a nan take.

Ni wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a idona, ko da yake sai da na girma na gane. Ina yaro, a ƙauyen kakata can ƙasar Madarunfa, idan za a yi wa yarinya aure mata ke taruwa su yi daɓen ɗakinta. A baza tsakuwa, a yayyafa ruwa, su jeru a durƙushe da madaɓai suna bugu suna waƙa. Idan ya kwanta sai a kawo makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a yayyafa, a bar shi ya sha, a sake yayyafawa. Daɓen ya yi duhu ya yi tauri, a share shi shekara da shekaru ba ya tashi. Abin da na fi tunawa shi ne kakata tana zaune bakin ɗakin da sanda, ko kaza ba ta isa ta shiga ba sai ranar da ita ta ce. Ba ta taɓa ƙirga kwana ba. Tafin hannu take ɗorawa a ƙasa da sassafe ta ji sanyinsa.

Da na bi halinta da ban sayar da motona ba a 2020.

A Satumban shekarar, wadda kogi ya cika ya fasa ya shiga unguwannin Harobanda, na karɓi aikin wani garejin gyaran manyan motoci, murabba'in mita 300. Mai garejin na sauri, ni kuma ina son kuɗi, ga shi saman daɓen ya yi fari kamar ya bushe. Na shafa ifoksi kwana biyu. Ya yi kyau har na ɗauki hoto na sa a Facebook, mutane suna ta sambarka. Sati uku aka kira ni. Na tarar daɓen ya yi bororo, wasu kamar ƙwayar wake, wasu sun kai tafin hannu. Na sa wuƙa na huda ɗaya, ruwa mai wari ya tsarto mini a fuska. Na kama bakin fatar na ja, ta biyo ni kamar ana feɗe akuya. Ruwan da ke cikin kankare da wanda ke ƙarƙashinsa ya taso zai fita, ya tarar an rufe masa ƙofa, ya taru ya ɗaga rufin. Mai garejin bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Malam, ai kai ne ka sani." Na kankare shi duka da kuɗin aljihuna. Wata bakwai ina hawan kabu-kabu zuwa aiki.

Tun daga nan leda ba ta rabuwa da motata. Gwajin ba wuya: a yanka leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, a shimfiɗa a daɓe, a liƙe gefenta huɗu da sikoc yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta aƙalla awa 16, kuma kada rana ta haska ta. Ƙa'ida ta ce kowane murabba'in mita 46 a sa ɗaya. Magazen Alhaji murabba'in mita 900 ne, ledar da ke hannuna kuwa 12 kawai ta isa, sai na fi ba da ƙarfi a kusurwoyi da gindin bango da tsakiyar ɗaki inda iska ba ta kaiwa.

Alhaji ya tsaya yana kallonmu kamar masu tsubbu. Ya ce maginin da ya zuba kankaren ya tabbatar masa kwana 28 ake jira, yau kuwa kwana 50 har da ɗoriya. Ya ƙara da cewa akwai wani yaro da ya ce kwana huɗu zai gama masa aikin. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni daren nan kawai. Gobe kafin Juma'a ka zo ka ɗaga ledar da hannunka. In ka tarar da ita a bushe, sai mu yi wata maganar."

Washegari ya zo ƙarfe 10. Ya duƙa da babbar rigarsa ya ɓamɓare ta farko. Ƙarƙashinta daɓen ya yi baƙi, ledar kuma ta yi raɓa, ɗigo-ɗigo. Ya ɗaga kai ya ƙwala wa maigadi kira.

"Wa ya zuba ruwa a nan?"

Dattijon ya rantse da Allah tun da muka fita ya sa kwaɗo, makullin a wuyansa ya kwana. Alhaji bai yarda ba sai da ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Cikin 12, tara sun yi gumi. Ukun da suka fito a bushe duk suna bakin babbar ƙofa.

Maganar magini ba ƙarya ba ce, wurin da aka ajiye ta ne ba nata ba. Kwana 28 lissafin ƙarfi ne, lokacin da ake gwada kankare a ga ko ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Bushewa wata magana ce daban. Ruwan da ake kwaɓa kankare da shi, kaɗan ne siminti ke cinyewa wajen yin tauri, sauran sai ya bi ƙananan ƙofofi ya fita a hankali ta sama. Lissafin da muka gada shi ne kowane kaurin santimita biyu da rabi yana son kamar wata ɗaya. Na Alhaji santimita 15 ne, an zuba shi tsakiyar Agusta, cikin daminar 2024 da kowa ya san irin ruwan da aka sha, aka kuma rufe ƙofofi don tsoron ɓarayi. Sannan maginanmu suna da wata ɗabi'a da na rasa yadda zan raba su da ita: idan kwaɓin ya yi musu tauri sai su ƙara ruwa don ya yi daɗin bazawa. Ruwan nan shi ke tasowa sama da garin siminti, ya bushe ya zama ɓawo mai rauni, wanda muke kira madarar siminti. Shi ne farin garin da makullina ya tono. Komai kyan simintin Malbaza, in an shayar da shi ruwa fiye da kima, haka zai yi.

Na tambayi Alhaji tambaya ɗaya da ta fi duk waɗannan: kafin a zuba kankaren, an shimfiɗa leda a ƙasa? Ya kira magini a waya, a gabana. Aka yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe dai amsar ita ce ba a sa ba, wai ba ta cikin lissafin da aka ba shi. To, magaze a wannan yanki, kogi ga shi nan kusa, ba leda a ƙarƙashi. Wannan daɓe ko ya bushe ƙayau a watan Maris, damina na dawowa zai sake jan laima daga ƙasa kamar lagwani. Na ce masa ko shekara ya ba ni ba zan shafa ifoksi a kansa ba.

Ya yi shiru. Can ya ce, "To ni yanzu asara na yi ke nan?"

Na ce a'a, mu zauna. Muka zauna kan benci wajen maigadi, ya ɗora shayi. Na tambaye shi me zai ajiye a ciki. Shinkafa ce da sukari da taliya, sai wani ɗan ɗaki a ƙurya da za a riƙa ɗura man girki daga duro zuwa bido. Me yake tsoro? Ƙura ta hau buhuna, da daɓe ya farfashe ƙarƙashin motar ɗaga kaya. Na ce duk wannan ba ya buƙatar sheƙi. A gurje madarar nan a kai ga kankare mai ƙwari, a shayar da shi silikat. Siminti idan ya haɗu da ruwa yana barin wani farin sinadari dangin farar ƙasa a jikin kankare, marar ƙarfi. Silikat yana shiga ƴan milimita kaɗan ya haɗu da shi, su zama irin sinadarin da ke riƙe kankaren tun asali, ƙofofin su tsuke, saman ya yi tauri ya daina fitar da gari. Babu fatar da za ta ɗaye, laima kuma tana da hanyar fita. Na kuma faɗa masa abin da ba ya yi, don kada gobe a ce na ɓoye: ba ya hana laima tasowa, saboda haka buhu ko ɗaya kada a ɗora a ƙasa sai kan katako. Mai idan ya zuba ya kwana zai bar tabo. Kuma ba zai yi kama da hoton Dubai ba.

Wannan ta ƙarshen ce ta fi yi masa ciwo. Sai da muka kai kofi na uku ya ce, "Ɗakin man fa?" Shi kam dole sai ifoksi, don man girki yana shiga kankare ya lalata shi a hankali, ga santsi, ga wari. Murabba'in mita 60 ne kawai, sai muka shirya a shimfiɗa leda a kan tsohon daɓen, a zuba sabon kankare santimita 8 da ragar ƙarfe, a jira shi har Janairu. Kafin nan a yi ɗurin man a tsohon shagonsa.

Gurza ta ci mana kwana biyar. Injin mai haƙoran daiman haya na ɗauko, da injin zuƙar ƙura, da gurup saboda wuta ba ta da alƙawari. Wasu suna wanke daɓe da asid su ce ya fi sauri. Ni ba na yi, don ruwa ne za ka ƙara wa abin da kake roƙo ya bushe. Aikin gurza ba abin ba da labari ba ne, ƙara ce da ƙura daga safe zuwa yamma. Faɗa ɗaya na yi ta yi da yarana, na abin rufe hanci. Su a ganinsu rawani ya isa, in an tashi a sha madara ta wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, ƙurar kankare kuwa huhu take zama, kuma ba ta fita. Wanda ya cire abin hancinsa na ce ya ajiye aiki ya tafi gida. Mutum ɗaya ya gwada ni, ya tafi, ya dawo washegari.

Bayan gurza muka bi tsagogin da aka yanka da zarto muka share su, muka cike da abin cikewa mai ɗan tauri, wanda zai tare bakin tsaga kada tayar ƙarfe ta ɓantare shi. Na sake ɗiga ruwa ko'ina, yanzu duk inda na zuba sai ya shanye cikin minti ɗaya.

Shayar da silikat da dare muka yi. Oktoba a Yamai zafi ne, ƙarƙashin kwano kuma sai wanda ya shiga. In ka zuba shi da rana zai bushe a sama kafin ya shiga, ya bar maka farin tabo kamar kanwa, wanda sai injin gurza zai fitar. Na sodiyom na samu a kasuwar Katako. Na litiyom ya fi sauƙin aiki, feshi kaɗan ne ba wanki, amma tsada gare shi kuma ba kullum ake samu ba. Bayan isha'i muka fara, muka raba ɗakin gida-gida. Mutum ɗaya na feshi da famfo irin na manoma, biyu na bi da buroshi mai laushi suna juya ruwan kada wani wuri ya bushe, haka har kamar minti 30. Akwai lokacin da za ka ji ƙafarka ta fara zamewa, ruwan ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Alamar daɓe ya ƙoshi ke nan. Sai a yayyafa ruwa kaɗan a sassauta shi, a sake gogawa, a janye ragowar da majanyin roba, a ɗauraye. Wanda ya yi wasa da wannan lokaci shi zai kwana yana kankare tabo. Ɗan yayata ne na ba wa agogo, shi ke kiran lokaci, kuma na lura tun daren farko ya daina kallon agogon, ƙafarsa yake ja a ƙasa ya ce, "Kawu, ya yi." Dare uku muka yi, muna tashi ana kiran assalatu.

Da gari ya waye Alhaji ya zo ya duba, ya zagaya, ya dawo. "Malam, ina aikin?" Na miƙa masa makullin motata na ce ya karta. Ya karta, ya danna da ƙarfi, makullin ya zame bai bar komai ba sai ɗan layin ƙarfe. Ya shafa hannu ya duba, ba gari. Bai ce komai ba, ya sa makullin a aljihunsa ya nufi mota, sai da na bi shi na karɓa.

Motocin da aka ba ni kwana 10 saboda su, sai bayan sati biyar suka iso.

A Janairu na koma don ɗakin mai. Leda ta fito a bushe, amma ban tsaya nan ba, don leda in ta jiƙe ta faɗi gaskiya, in ta bushe ba lalle ba ne. Na yi hayar na'urar auna laima, ta nuna ƙasa da kashi 4 cikin 100, iyakar da masu yin ifoksi ke gindayawa. Yanzu abokin gaba hunturu ne. Ƙura ɗaya da ta sauka kan ɗanyen ifoksi ta zauna ke nan har abada. Muka liƙe tagogi da ƙofa da leda, muka jiƙa ƙasar waje da ruwa. Muka jira la'asar sakaliya, lokacin da daɓe ya fara hucewa, saboda kankare idan yana ɗaukar zafi iskar cikinsa fitowa take ta huda fatar da ƙananan ramuka, idan yana hucewa kuwa zuƙa yake, ya ja rezin ɗin ciki.

Ifoksi gwangwani biyu ne, A da B, kuma daga lokacin da ka haɗa su agogo ya fara. Yawancin irin da muke samu suna ba ka kamar minti 30 a zafin digiri 20, duk ƙarin digiri 10 kuma yana raba lokacin kusan biyu. Ga shi kuma da kansa yake haifar da zafi: ka bar shi a bokiti ya yi ta ɗumama har ya yi hayaƙi ya daskare da maburgin a ciki. Na taɓa gani, bokitin na nan a gidana, yara na zama a kai. Don haka gwangwanayen a inuwa suka yini, muna haɗa ɗaya cikakke ba rabi da ido ba, a burga minti 3 da injin huda a hankali, a juye a ƙasa nan take, a baza, a bi da rulo. Shafin farko siriri don ya kama, na biyu washegari, muka watsa masa yashi mai tsabta saboda santsin mai, na uku ya rufe. Safar hannu dole, kuma ba mai wanke hannu da diluwan (ruwan tsinka fenti) a gabana, don wanda fatarsa ta tsani ifoksi sau ɗaya ya bar sana'ar ke nan. Na ce wa Alhaji bayan awa 24 a iya takawa, duro kuwa sai bayan kwana 7. Na kulle ɗakin na tafi da makulli gida.

Ranar da na buɗe masa, ya shiga ya tsaya tsakiyar ɗakin yana kallon fitila a ƙasa. Ya ciro waya ya ɗauki hoto ta kusurwar da ba a ganin girman ɗakin. Yana juyowa sai idonsa ya faɗa gindin bango, inda wata tsaka ta samu kafa a ledarmu daren shafi na ƙarshe, ta ratsa kusurwar ta bar sawunta ƙanana a jere, da layin jela a tsakiya, tsawon kamu biyu. Na ce zan iya gogewa in sake shafa wurin, amma facin zai fi sawun fitowa. Ya ce a bar shi. Da ya zo biyana ya cire jika biyar, ya ce kuɗin tsaka ne.